Allon da Na Kai wa Malam Barau

Tun ranar da na dawo daga Gwarzo ban sami zama a fada, majalisarmu ta hira, na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce, "Lawan, yaya ka baro gida?" Wancan ya ce, "Wai da gaske ne ɗaki guda aka ware don zane kawai, ba a kwana a ciki, ba a sayar da komai?" In na fara ba da labarin sai wani ya shigo a tsakiya ya ce a koma farko. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Ku mutanen Maraɗi kun san ni da fenti da buroshi, Lawan mai rubuta allon shago da zanen bayan mota. Abin da yawancinku ba ku sani ba shi ne inda na koyi sana'ar da yadda na baro wurin. A Gwarzo aka haife ni, yamma da Kano. Maigidana shi ne Malam Barau mai zanen mota. A zamanin manyan motoci masu bodin katako, duk direban da yake ji da kansa sai ya kawo motarsa ƙofar zauren Malam an yi mata furanni da tsuntsaye da addu'a a goshi. Mu biyu ne a hannunsa, ni da abokina Sale, mutumin Kabo. Shekara shida muna wanke buroshi da kananzir, muna dama fenti, muna cika inda ya ja mana layi.

Wata rana ya ba ni bayan mota in zana ni kaɗai, karo na farko. Kwana uku na yi a kanta: kogi, itatuwa, rana tana faɗuwa. Mai motar ya zo, mutane suka taru suna yabawa, ni kuma kaina ya fara kumbura. Sai Malam ya fito ya tsaya ya duba. Ya tsoma buroshi a farin fenti ya shafe rabin kogin. Ya ce, "Ruwa ba ya tsayawa haka kamar bango. Sake." A gaban kowa, har da 'yan kamasho da suka yi dariya.

Ban sake ba. Bayan kwana biyu na bi wani direba mai zuwa Maraɗi, na ce zan yi wata ɗaya zuciyata ta huce. Ga shi 'ya'yana duka a nan aka haife su. Mahaifiyata ta koma Kano wurin yayata, don haka ko ta'aziyya ko biki, ta hanyar Katsina nake miƙewa Kano kai tsaye. Shekara wajen talatin ban taka Gwarzo ba.

Ana tsakiyar damina wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba ta Najeriya. Muryar mace ce. Bayan mun gaisa ta ce, "Yaya Lawan, Rabi ce, 'yar Malam Barau." Rabin da na sani yarinya ce da take zuwa mana da abinci a kai tana tsoron warin fenti. Yanzu malamar makaranta ce. Ta ce da hannun Malam ya fara rawa, idonsa ya yi yana, sai ita da wasu malamai suka gyara zaurensa suka mayar da shi wurin da masu zane na yankin suke rataye ayyukansu mutane su zo su gani. Duk kaka, in an fara kai amfanin gona gida, sai su sauke tsofaffi su rataye sababbi. Bana zauren ya cika shekara goma, za a yi taro, suna so duk wanda ya taɓa riƙe buroshi a gidan ya kawo wani abu.

Na ce mata sai na duba. Tana kashe waya na fito da allon katako na fara shafa masa fari. Gulbin Maraɗi na zana, lokacin da ya kawo ruwa, da masu noman fadama a bakinsa. Ba sai na ɓoye muku ba, da gangan na zaɓi ruwa. Sati shida na yi a kansa. Matata har cewa ta yi, "Wannan allon ko gidan sarki za a kai shi ai ya isa haka."

Ranar tafiya na naɗe shi da tsohon bargo, na sa a buhu biyu na ɗaure da igiya. Da sassafe na shiga mota mai bi ta Ɗan Isa, bakin iyaka. Ta ɓangarenmu babu wata matsala, sun saba ganina. Da muka tsallaka kuwa, wani jami'in kwastan dogo ya nuna buhun da sandarsa ya ce, "Alhaji, mene ne wannan?"

Na ce, "Zane ne, ranka ya daɗe."

"Zane na ɗaurawa?"

"A'a, na fenti."

Ya sa na kwance. Na jingina allon a jikin benci, ya ja baya ya dube shi. Ya ce, "Na sayarwa ne?" Na ce a'a. "To me ake yi da shi?" Na ce kallo. Ya maimaita, "Kallo," kamar bai taɓa jin kalmar ba. Sai ya kira abokan aikinsa. Kafin ka ce me, mutum shida sun kewaye allon, direbanmu kuwa yana can yana danna oda. Wata jami'a ta ce wallahi kamar fadamar garinsu, har inda mahaifinta yake shuka albasa. Dogon ya ce mata ai duk fadama haka take. Suka kaure da gardama, ni ina tsaye da igiya a hannu. Daga ƙarshe shi da kansa ya taya ni naɗewa, ya ce, "In za ka dawo ka biyo da rana, ka zana mini uwata daga hoto." Fasinjoji ba su yafe mini wannan jinkirin ba har muka isa Katsina.

A tashar Katsina na ci ɗanwake a tsaye, na shiga mota mai bi ta Dayi. Direban ya ce buhun ba zai shiga ciki ba sai but. Na roƙe shi ya sa shi a sama da sauran kaya, ya ce in kwantar da hankalina, ƙwai ma yana ɗauka. Kusa da ni wata dattijuwa ce mai zuwa sunan jikarta. Na gaishe ta, ta ce yaya hanya, na ce, "Lahiya lau." Ta dube ni ta ce, "Ɗan Nijar ne?" Na ce mata ni ɗan Gwarzo ne haifaffe. Ta yi dariya har tana riƙe baki. "Ɗan Gwarzo da lahiya? Yaro, bakinka ya riga ya yi aure a can." Mutum mai furfura a gemu ake ce wa yaro, kuma na ji daɗin hakan. A nan Maraɗi shekara da shekaru kuna ce mini Bakano, can kuma ga shi an ce mini ɗan Nijar. Ita ce ta ba ni dafaffiyar gyaɗa sabuwar cira, ta kuma ba ni labarin duk surukanta ɗaya bayan ɗaya har muka wuce Dayi.

Hanya duk kaka ce. Dawa ta sunkuya, an jera damman gero a bakin gonaki, mata suna shanya barkono a gefen kwalta. Amma abin da idona yake nema ban gani ba. Manyan motocin da muka yi ta wucewa duk na ƙarfe ne, bayansu babu fure babu tsuntsu, sai lambar waya da takardar da inji ya buga aka manna.

Da muka shigo Gwarzo direba ya ce, "Akwai mai sauka?" Ban motsa daga kujerata ba. Na ga gidajen mai inda na bar gonaki, na ga shagunan waya a jere, na ga kwanar da ake bi a je gidan Malam. Dattijuwar ta zungure ni ta ce, "Ba garinku ba ke nan?" Na ce mata a Kabo zan kwana. Gaskiya ne, na riga na yi waya da Sale, amma ko da ban yi ba, ƙafata ba za ta sauka a ranar ba.

A Kabo aka buɗe but, sai wari ya buge ni. Jarkar man gyaɗar wani fasinja ce ta kwanta, murfinta ya saki, kuma buhuna ne a ƙarƙashinta. Direba ya ce, "Sai haƙuri, Alhaji," ya ja motarsa. Ina tsaye da buhu yana ɗiga, sai na ji an ce, "Har yanzu ba ka iya riƙe kaya ba." Na juya. Wani tsoho ne mai rake a hannu, haƙoransa biyu na gaba babu. Sai da ya yi dariya na gane Sale. Muka rungume juna a bakin titi, man ya ɓata masa riga, bai ko kula ba.

Gidansa na ƙasa ne amma an yi masa siminti, tsakar gida cike da gyaɗa da aka baza. Ya sauke ni a ɗakin babban ɗansa da yake karatu a Kano. Gaisuwa kaɗai ta ci mana lokaci mai tsawo. Ku a nan in an tambayi gida da aiki da gajiya an gama. Can sai da maƙwabta suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tambayi iyali da mutanen Maraɗi da ruwan bana, ya yi mini ta'aziyyar mutanen da suka rasu tun ina saurayi. Matarsa Hajiya Ladi ta kawo tuwon sabuwar dawa da miyar kuka ta sha daddawa da man shanu. Loma ɗaya na yi na ajiye hannu. Sale ya ce, "Yaji ne?" Na ce a'a. Irin miyar mahaifiyata ce, kuma ban san na manta ɗanɗanonta ba sai da na ji shi. Shayinsu dai bai kai namu ba. Madara ce da sukari a babban kofi, a shanye a tashi. Na ba su labarin yadda muke zama a kan ƙaramar buta har zagaye uku, Hajiya Ladi ta ce daga bayan labule, "Ashe ba ku da aikin yi."

Da muka kwance allon, gulbin yana nan lafiya. Kusurwar ƙasa ta hagu ce ta jiƙe, inda na yi ciyawar bakin ruwa, bargon ya manne ya kwashe fentin kamar faɗin tafin hannu biyu. Sale ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon akwatin ƙarfe. Buroshinsa ne a ciki, an wanke an naɗe a tsumma. Ya ce tun da injin buga alluna ya zo gari aiki ya ɗauke, ya koma gona da noman rake, shekara goma sha bai buɗe akwatin ba.

Na ce, "Kai ba ka kai komai zauren ba?"

Ya ce, "Rabi ta yi ta fama da ni. Me zan kai? Hannun ya zama na fartanya." Sai ya ƙara da cewa, "Akwai abin da ya kamata ka sani. Malam bai san za ka zo ba. Rabi ce ta yi gaban kanta. Ta ce in ta gaya masa ba ka zo ba, abin zai dame shi. In kuma ta gaya masa ya ce ba ya so, ba ta da bakin da za ta kira ka ta fasa."

Na ce, "Yana maganata?"

"Bai taɓa kiran sunanka a gabana ba. Ko sau ɗaya."

Washegari bayan asuba muka samo fenti wurin wani mai gyaran babur, muka goge man da toka da kananzir. Na ɗauki buroshi, ciyawar ta ƙi fitowa. Sau biyu ina ja ina gogewa. Na miƙa wa Sale na ce, "Yi mini." Ya ƙi, na matsa. Ya goge hannu a riga, ya tsuguna, ya yi bisimilla. Layin farko ya karkace. Na biyu ya fito. Kafin rana ta ɗaga ya cika kusurwar da ciyawa, harshensa a waje kamar yadda yake yi muna samari. Hajiya Ladi ta zo wucewa da tsintsiya ta tsaya tana kallonsa.

Babur biyu muka hau zuwa Gwarzo, ni na rungume allon a baya, fentin bai gama bushewa ba. Gidan Malam yana nan inda yake, sai dai an ƙara wa zauren ɗaki ɗaya da tagogi, an kafa rumfa a waje da kujerun roba. Rabi ta tare mu a ƙofa, mace mai tabarau da kamala. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Yaya Lawan, ka yi mini rai ka ɗan tsaya daga baya tukuna." Ta karɓi allon ta rataye shi da kanta.

Yanzu bari in amsa tambayarku. E, ɗaki ne don kallo kawai. An shafe bango da farar ƙasa, ana cire takalmi a ƙofa. Abin da na fara gani shi ne ƙofar bayan wata tsohuwar mota da aka ciro daga juji, da furannin Malam a jikinta, fentin ya kwaile amma jan yana nan. Na san motar. Ni na dama wannan jan. Gefenta wani magidanci daga Garo ya jera motoci da keken shanu da ya ƙera da karan dawa, irin wanda muke yi muna yara, amma nasa har da ƙofa mai buɗewa. Wata ma'aikaciyar asibiti ta zana fuskokin tsofaffin unguwarsu da biro kawai, mutane suna ta nunawa suna kiran sunayensu. Akwai faya-fayi, akwai zayyana irin ta masu rubutun allo, akwai hoton masussuka da wani malamin firamare ya yi da ƙasa kala-kala.

A ƙuryar ɗakin na tarar da wata tsohuwa daga Lakwaya, Inna Gambo, tana zaune a ƙasa ƙarƙashin ƙorai guda bakwai da ta yi wa zane da wuƙa mai zafi. Na yaba, ta harare ni. Ta ce, "Ɗan nan, kai ma cikinsu kake? Ƙwarya a bango, kamar an rasa furar da za a dama. Na ce wa Rabi in an gama ta sauko mini da abina." Amma duk wanda ya tsaya a gabansu sai ta miƙe ta nuna masa wanda uwarta ta koya mata da wanda ita ta ƙirƙiro. Wata ɗaliba ta ɗauke ta hoto, ta ce a sake, ɗankwalinta bai zauna ba.

Aka fara taro. Liman ya buɗe da addu'a, dagaci ya yi jawabi, shugaban malamai ya yi nasa, rabi Hausa rabi Turanci, kamar yadda namu na nan suke yi da Faransanci, tsofaffi suna gyaɗa kai ba don sun ji ba. Aka raba gurasa da zoɓo. Ni ina can baya a jikin bango, ban ji ko kalma goma ba, don an fito da Malam.

Ya ƙanƙance. Mutumin da yake hawa saman mota da gwangwani biyu a hannu ɗaya, ga shi Rabi tana riƙe da gwiwar hannunsa. Bayan jawabai ta zagaya da shi cikin zauren. A gaban kowane aiki sai ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓawa, ya duba da idon dama, ya faɗi kalma ɗaya ko biyu. Mutane suna biye da shi. Da ya zo kan gulbina ya daɗe. Ya bi ruwan daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo.

Ya ce, "Na wane ne?"

Rabi ta ce, "Baba, wani baƙo ne ya kawo daga Maraɗi."

Ya ce, "Baƙo." Bai juyo ba. "Ku ce wa Lawan ya daina laɓewa ya zo ya gaishe ni."

Ban san yadda na ratsa mutane ba. Na dai sami kaina a tsugune a gabansa, na cire hula, ina cewa, "Malam, ina wuni, Malam, na same ku lafiya." Ya lalubo kaina ya dafa. Ya ce, "Ba a allon na gane ka ba, kada ka ji daɗi. Tun ana addu'a nake jin gyaran muryarka, irin na mahaifinka sak." Aka yi dariya. Ni hawaye ne suke zuba a gemuna.

Na ce, "Malam, ka yafe mini."

Ya ce, "Tashi, gwiwarka ba ta yaro ba ce." Da na miƙe ya riƙe hannuna ya rage murya, amma zauren ya yi tsit, kowa ya ji. "Ranar nan kamata ya yi in kira ka gefe. Maganar da na faɗa gaskiya ce, wurin faɗarta ne ban iya ba. Na daɗe da sanin haka." Ya juya ga allon ya ce, "Wannan ruwan yana tafiya. Har sanyinsa na ji."

Sai ya sake sunkuyawa, ya kai fuska kusurwar hagu, ya shinshina. "Wannan ɗanye ne. Kuma ba hannunka ba ne. Kai daga ƙasa kake jan ciyawa. Mutum ɗaya na sani da yake jan ta daga sama, na yi faɗa har na gaji." Ya ɗaga murya. "Sale! Ashe hannun bai mutu ba?"

Sale yana bakin ƙofa da takalminsa a hannu. Ya sa hularsa a fuska. Rabi ta ɗauko biro ta je jikin 'yar takardar da aka manna a ƙarƙashin allon, ta ƙara sunansa kusa da nawa.

Kwana ɗaya na yi niyya, uku na yi, a ɗakin baƙi na gidan Malam. Da safe a kawo koko da ƙosai, mu zauna a zauren kafin masu kallo su fara zuwa, yana tambayata direbobin da ya sani a Maraɗi, ina gaya masa wanda ya rasu da wanda ya rage. A rana ta uku da hantsi ya ce mu raka shi tsohuwar tasha, ya daɗe bai je ba. Muka sa shi a tsakiya, ni da Sale, muna tafiya a hankali, masu shaguna suna fitowa suna gaishe shi. Da muka isa ya tsaya ya ce, "To, gaya mini abin da yake nan."

Na duba. Babu tasha. Jerin shaguna ne na bulo, mai sayar da taki, mai cajin waya, mai ɗinki, da wani fili da aka kewaye da waya. Na so in ce masa wani abu ya rage. Na ce, "Malam, babu komai. Shaguna ne."

"Rumfar masu tuwo?"

"Babu."

"Tsamiyar da direbobi suke sallah a ƙarƙashinta?"

"An sare."

Ya jinjina kai. Ya daɗe yana fuskantar shagunan kamar yana ganin wani abu a bayansu. Sai ya ce, "Waɗannan yaran da suke zuwa zaure ba su san an yi wurin nan ba. In na ba su labari gani suke tatsuniya ce. Ka zana shi yadda yake, da motocin, da rumfar, da komai. Ni ba lallai in gani ba, amma a rataye." Sale ya ce shi zai yi ciyawar. Malam ya ce, "Tasha ba ta da ciyawa. Za ka yi tayoyi."

Dawowa babu abin labari, sai dogon jami'in nan da ban tarar ba, ranar hutunsa ce. Hajiya Ladi ta cika mini jaka da kuka da daddawa, Inna Gambo ta aiko mini da ludayi biyu.

Da na fara aikin a nan shagona komai ya zo mini: motocin, buhunan gyaɗa, mai shayi da tukunyarsa. Tsamiyar ce na rasa inda zan sa ta. Na rantse a hannun dama take in ka shigo daga titi. Na kira Sale, ya ce hagu, har ya ce in ba haka ba ne a canza masa suna. Muka yi ta musu har katina ya ƙare. Sai na kira Rabi na ce ta tambayi Malam. Na ji takunta, na ji ta maimaita masa tambayar da ƙarfi.

Ta dawo kan waya muryarta a sanyaye. Ta ce, "Yaya Lawan, ya ce shi ma ya manta. Ya ce kai da Sale kaɗai kuka rage da za a tambaya, don haka ka sa ta inda inuwar za ta fi faɗa wa mutane."

A tsakiya na sa ta. Allon yana nan a jingine a shago, saura tayoyi.